Babi na Shida: Mutum Tara a Cikin Ayari

Duk wanda ya fara kallon Tour de France a talabijin, abin da yakan fara damunsa shi ne bai san inda zai ajiye idonsa ba. Ga mutane sama da 170 a kan kekuna, sun cure wuri guda, suna ratsa gonaki da ƙauyuka awa huɗu, awa biyar, ba ƙwallo, ba raga, ba alƙalin da zai busa usur. Sai a mintuna biyun ƙarshe ayarin ya hargitse, wani ya ɗaga hannuwa sama, mai sharhi ya kwarma ihu. Bayan haka a hau da wani mutum daban kan dandamali, a saka masa riga mai ruwan ɗorawa, a ce shi ne kan gaba, alhali da idonka ka ga ya shigo na arba'in. Da yawa daga nan suke sauya tasha.

Abin da ke faruwa shi ne ba tsere ɗaya ake yi ba. Tun 1903 da jaridar L'Auto ta ƙirƙiro gasar don ta ƙara kasuwa, ake ta ɗora mata wasu gasanni a ciki. A yau zango 21 ake yi cikin makonni uku, da hutun kwana biyu, tafiyar da kan kai kilomita 3,300 zuwa 3,500. Kowane zango yana da nasa gwani. Rigar ɗorawa, wadda aka fara bayarwa a 1919, ta wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta ce. Koriyar riga, tun 1953, ta mai tara maki a layin ƙarshe da wuraren gudu na tsakiyar hanya ce. Riga mai ɗigo-ɗigon ja, tun 1975, ta gwanin hawan dutse ce. Farar riga kuma ta matashin da bai wuce shekara 25 ba. Ƙarƙashin waɗannan akwai ƙananan buri masu yawa waɗanda kyamara ba ta cika tsayawa a kansu ba: mai neman a sabunta masa kwantiragi, mai neman a ga sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarsa, mai neman kawai ya kai gobe.

Ana iya karanta duk wannan a littafi a haddace, amma ido ba zai koyi gani ba sai yana da abin nema. Hanyar da na fi sani ta ba ido abin nema ita ce wasan zaɓen 'yan tsere tsakanin abokai.

Yadda wasan yake

Wanda ya taɓa buga wasan zaɓen 'yan ƙwallo na Firimiyar Ingila ya riga ya san tushen abin. Na keke ya fi sauƙi, ya kuma fi rashin yafiya. A shafin Velogames, inda muke yin namu, ana ba kowa jarin maki 100, ya sayi 'yan tsere tara. Kowane ɗan tsere da farashinsa, gwargwadon ƙarfinsa. Kuma ba yadda ka ga dama za ka kwasa ba: biyu daga masu neman lashe gasar gaba ɗaya, biyu daga mahaya dutse, ɗaya daga masu ɓarin gudu a layin ƙarshe, uku daga waɗanda ba a sa su a kowane aji ba, sai gurbi ɗaya da aka bar maka ka sa wanda ranka ya so. Kullum bayan an kammala zango, mutanenka suna samo maka maki bisa matsayin da suka zo, da matsayinsu a jimillar lokaci, da rigunan da suke riƙe da su, har da ɗan ladan taimako idan abokin ƙungiyarsu ne ya yi nasara. Da zarar an tashi tseren an kulle ƙofa. Wanda ka zaɓa, da shi za ka zauna makonni uku.

Ba ko sisi a cikin namu, kuma wannan sharaɗi ne da muka kafa tun farko, ba a taɓa shi. Idan kuɗi ya shiga, abin ya zama caca, kuma ko ba don haramcinta ba, kuɗi yana sauya yadda mutum ke kallo. Mai jiran ƙwaryar cinsa ba ya ganin kyan tsere. Abin da wanda ya zo na ɗaya yake samu a wurinmu shi ne kirari a zauren WhatsApp har shekara ta zagayo, da damar cewa ai ya faɗa.

Daren zaɓe

Wahalar wasan duk tana cikin jarin nan na 100. Cefane ne da kuɗi ƙididdigaggu: idan ka zuba rabi a nama, to kayan miya za su yi ƙaranci. Manyan gwanaye biyu kaɗai sukan cinye wajen rabin jarinka, sauran bakwai sai ka shiga lalube cikin masu araha.

A nan karatu yake farawa. Mutumin da bai taɓa buɗe taswirar Faransa ba sai ga shi yana ƙirga zangon da ke shimfiɗe da zangon da ke da tudu, yana tambayar wane ne ya dawo daga jinya, wace ƙungiya ce ta zo neman riga, wacce ce ta zo farautar zango kawai. Gasar 2024 ta ba mu abin tunani sosai. A karon farko an tashi daga Italiya, daga birnin Florence, ranar 29 ga Yuni, kuma a karon farko ba a ƙare a yankin Paris ba, saboda wasannin Olamfik, sai a Nice ranar 21 ga Yuli. Ƙungiyoyi 22 ne, kowacce da mutum takwas, jimilla 176. Tadej Pogacar ɗan Sloveniya ya zo ne bayan ya lashe Giro d'Italia a watan Mayu, kuma tun Marco Pantani a 1998 ba wanda ya haɗa gasannin biyu a shekara ɗaya. Jonas Vingegaard ɗan Denmark, mai riƙe da kambin shekaru biyu a jere, ya yi mummunar faɗuwa a watan Afrilu a yankin Basque na Sifaniya, ya karya ƙashin wuya da haƙarƙari, huhunsa ya huje, kuma bai sake yin tsere ba sai ranar tashin Tour. Ga Remco Evenepoel ɗan Beljiyam a zuwansa na farko. Ga Primoz Roglic, wanda ya sauya ƙungiya musamman don neman wannan kambi da ya kuɓuce masa a 2020.

Halin kowa yakan fito a daren nan. Akwai wani malamin lissafi a cikinmu da ke jera sakamakon kowane ɗan tsere na watanni shida a jadawali kafin ya taɓa suna ko ɗaya. Akwai ɗan kasuwar da ba ya sayen mai tsada, sai ya cika ƙungiyarsa da matsakaita, yana cewa riba a yawan ciniki take. Akwai kuma babban yayanmu, wanda ya fara sa sunan Biniam Girmay na Eritiriya kafin ya duba farashinsa, ya ce shi ba zai kalli ɗan Afirka yana fafatawa a Faransa ba tare da yana cikin mutanensa ba.

Makon farko

Faransa da Italiya suna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya a watan Yuli, saboda haka yawancin zango yana ƙarewa ne wajajen la'asar. Da hantsi ake tura taswirar hanya a zaure, da azahar a fara tambayar su wa suka ɓalle daga ayari, da la'asar kuma saƙonni su riƙa shigowa ba ƙaƙƙautawa.

Zangon farko, daga Florence zuwa Rimini, kilomita 206 ne cikin zafi mai tsanani da hawa bayan hawa. Romain Bardet, Bafaranshe da ya sanar cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe, ya ɓalle saura wajen kilomita 50, ya tarar da abokin ƙungiyarsa Frank van den Broek, matashi ɗan Holan da ke gaba tun safe a zuwansa na farko. Su biyu suka riƙa karɓa-karɓar tsaga iska, ayari na biye da su yana cin tazarar a hankali. A kilomitocin ƙarshe, a miƙaƙƙen titin bakin teku, kyamara tana ɗaukarsu tare da ayarin a hoto ɗaya. Daƙiƙa biyar suka rage da suka tsallake layi. Bardet ya saki hannu yana nuna yaron da yatsa, don kowa ya san wanda ya yi aikin. Tambayar da ta fara fitowa a zaurenmu ita ce tambayar kullum: wa ke da shi? Ba wanda ke da Van den Broek. Amma daga ranar ba wanda ya sake manta sunansa.

Kwana biyu bayan haka, ranar 1 ga Yuli, aka yi zango mafi tsawo, kilomita 230 zuwa Turin. Wanda ake yi wa zaton nasara a irin wannan fili shi ne Jasper Philipsen ɗan Beljiyam, mai zango huɗu da koriyar riga a 2023. Girmay ya bi ta gefen shinge, ta wata 'yar kafa da ba ta fi faɗin kafaɗa ba, ya fito gaba. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a tarihin gasar. Ba daga sama ya faɗo ba. Keke ya shiga Eritiriya tun zamanin mulkin mallakar Italiya, ya zama wasan ƙasa, kuma yaran Asmara suna tasowa ne suna tsere a tudun da ya haura mita 2,300. Kafin shi, ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya sa riga mai ɗigo-ɗigo a 2015. Girmay ya ƙara zango biyu, na 8 da na 12, ya kuma kai koriyar riga har Nice.

Wasan ne ya sa muka fahimci yadda ake cin wannan riga. Nasara a zangon fili tana kawo maki 50, amma akwai maki 20 a wurin gudu na tsakiyar hanya kusan kowace rana, har a ranakun dutse. Mai kallon minti biyar na ƙarshe ba zai taɓa ganin wannan faɗan ba. Mu kuwa da yayanmu yake da Girmay, wani kuma yake da Philipsen, sai ga mu mun kunna talabijin da azahar don wani layi da aka shata a tsakiyar ƙauyen da ba mu taɓa jin sunansa ba.

Masu hidima

Gurabe ukun nan na marasa aji su ne makarantar gaske. Su suke tilasta wa mutum ya san waɗanda aikinsu shi ne su gaji domin wani ya huta.

Babban abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wanda ke tsakiyar ayari kuma ya fi haka samun sauƙi. Shi ya sa jagoran ƙungiya ba ya shan iska sai inda ya zama dole. Mutum bakwai ne ke kewaye da shi: suna tsaga masa iska, suna komawa motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa a cikin riga su kawo gaba, suna jiransa idan ya tsaya, suna jawo shi ya dawo cikin ayari. A zango na 9, wanda ya zagaye Troyes ta hanyoyin tsakuwa 14, tayar Vingegaard ta yi faci a lokacin da motar ƙungiyarsa take can baya cikin ƙura. Abokin ƙungiyarsa Jan Tratnik ya diro ya miƙa masa nasa keken nan take, Vingegaard ya ƙarasa zangon a kan keken da ba a auna shi da jikinsa ba, bai kuma yi asarar lokaci ba. A teburin sakamako ba za ka ga abin da Tratnik ya yi ba.

Haka Nils Politt, dogon Bajamushen ƙungiyar Pogacar. Jikinsa na mai tseren fili ne, amma a zango na 14 shi ya riƙe gaban ayari a hawan Tourmalet, baki buɗe, haƙora waje, yana jan gudun da ya riƙa zubar da mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama nasa ya koma gefe, wani ya karɓa, har aka zo hawan ƙarshe inda abokin ƙungiyarsu Adam Yates ya yi gaba, Pogacar ya tsallaka ya same shi, ya ɗan numfasa a bayansa, ya wuce. Wanda ya ga hoton nasara kawai zai ce mutum ɗaya ne ya fi kowa ƙarfi, kuma gaskiya ne ya fi su. Wanda yake da Politt a cikin mutanensa tara ya san awa nawa aka yi ana share masa hanya.

Can baya

Akwai wani tseren da kyamara ba ta cika zuwa ba. Kowane zango yana da wa'adi, wanda ake lissafawa daga lokacin wanda ya zo na ɗaya. Duk wanda ya wuce wa'adin an sallame shi daga gasar. Saboda haka a ranakun dutse, masu ɓarin gudu, waɗanda jikinsu ya yi nauyi da hawa, sukan haɗu a ayarin baya, suna lissafin mintuna, suna rage gudu a hawa, suna ramawa a gangara.

Mark Cavendish, ɗaya daga masu ɓarin gudun nan, ya zo gasar 2024 yana da shekara 39, da buri ɗaya: ya ci zango na 35 ya wuce Eddy Merckx, wanda suke kunnen doki da shi a 34 a tarihin yawan cin zango. A ranar farko zafi ya kama shi, ya yi amai a kan keke, abokan ƙungiyarsa suna kwarara masa ruwa a ka, ya iso kusan minti 40 bayan Bardet. Abokinmu da ya saye shi bai kalli bikin nasara ba a ranar, agogo yake kallo. Kwana huɗu bayan nan, a Saint-Vulbas, Cavendish ya ratsa cikin cunkoso ya ci zangon da ya zo nema. Yana iya komawa gida daga nan, ba wanda zai zarge shi. Bai koma ba. Ya haye Pyrenees, ya tsallake wa'adi da ƙyar a Plateau de Beille ranar 14 ga Yuli, ya haye Alps, ya isa Nice a matsayin na 141, na ƙarshe cikin waɗanda suka kammala. Makonni biyun nan kusan bai kawo wa mai shi maki ba, amma kowace yamma sai an tambaya a zaure: dattijo ya iso?

Inda wasan yake da haɗari

Dole a faɗi ɗaya gefen. Wasan da ke koya wa ido gani yana iya koya wa zuciya taurin da bai dace ba. Idan mutum ya saba kallon 'yan tsere a matsayin maki, ranar da aka yi karo abin da zai fara zuwa masa shi ne lissafin asararsa, ko ma jin daɗin cewa na abokin hamayya ne ya faɗi. A zango na 12, saura 'yan kilomitoci, Roglic ya faɗi a wani karo da bai da hannu a ciki. Ya ƙarasa kafaɗa a yage, washegari bai tashi ba, daga baya aka gano tsagewar ƙashi a gadon bayansa. Shekarar mutum ce guda ta rushe a daƙiƙa ɗaya, da watannin da ya yi a sansanin dutse nesa da iyalinsa.

Waɗannan mutane suna gangara daga dutse da gudun da kan haura kilomita 80 a awa, ba abin da ke tsakaninsu da kwalta sai 'yar riga da hular kwano. Gino Mader ɗan Suwizalan ya rasu a watan Yunin 2023 bayan ya faɗi a gangarar Albula a gasar ƙasarsa. Ana tsakiyar Tour na 2024, ranar 6 ga Yuli, Andre Drege ɗan Norway mai shekara 25 ya rasu a gasar Ostiriya. Shi ya sa muke da sharaɗi na biyu bayan na kuɗi: ba a tsokanar kowa da faɗuwar ɗan tserensa. Ana tsokana kan mugun zaɓe, ana tsokana kan rowar jari, amma ranar da aka ɗauki mutum a motar asibiti, abin da ake cewa shi ne Allah ya ba shi lafiya, a jira labari. Wasa ne muka ɗora a kan aikin da wasu ke yi da jikinsu, kuma wanda ya manta haka ya fita daga cikin masoya keke ko da shi ke saman tebur.

Mako na uku

Zuwa hutu na biyu an riga an san inda rigar ɗorawa ta nufa. Pogacar ya ƙare da zango shida da tazarar sama da minti shida a kan Vingegaard, Evenepoel ya zo na uku da farar riga. Ga mai bin kambi kaɗai, makon ƙarshe ba shi da sauran daɗi. A wurinmu kuwa lokacin ne tebur yake motsi, domin kusan kowa yana da Pogacar, bambancin yana wurin sauran takwas. Richard Carapaz ɗan Ekwado ya ci zango na 17, ya bi duwatsu yana tsintar maki har ya karɓe riga mai ɗigo-ɗigo. Victor Campenaerts ya ci na 18 daga cikin waɗanda suka ɓalle, ya fashe da kuka yana magana da iyalinsa ta waya. A na 19, bayan an haye Bonette mai tsayin mita 2,802, Matteo Jorgenson ɗan Amurka yana gaba shi kaɗai, Pogacar ya cim masa saura ƙasa da kilomita biyu. Rabin zaurenmu na murna, rabi na salati, kuma kowane ɓangare ya san dalilinsa.

Abin da makonni ukun suke yi wa zumunci ma ba ƙarami ba ne. Abokan da aiki da iyali suka raba garuruwa, waɗanda gaisuwarsu ta koma ta sallah da ta'aziyya, sai ga su suna magana kowace rana, kuma daga zancen keke ake gangarawa zuwa jikin mahaifiya da makarantar yara. Ba kowa ke iya ɗaga waya ya ce na yi kewarka ba. Kowa yana iya tambayar yadda mutanenka suka kwana.

Ga mai son farawa, shawarata kaɗan ce. Ku taru ko ku biyar ne. Kada ku sa kuɗi. Kowa ya bar gurbi ɗaya ga ɗan tseren da bai taɓa jin sunansa ba, ya je ya karanta daga ina ya fito, wa yake yi wa hidima. Kuma kada a tsaya a Tour kaɗai, domin manyan gasannin makonni uku guda uku ne a shekara: Giro a Italiya a watan Mayu, Tour a Yuli, Vuelta a Sifaniya daga Agusta. A 2024 an tashi Vuelta daga Lisbon ranar 17 ga Agusta, mako biyar kacal bayan faɗuwar Roglic. Yawancinmu mun kauce masa, muna ganin bayansa bai warke ba. Abokinmu da ya yi asararsa a Yuli ya sake sayensa, ya ce ya ga yadda ya miƙe ya ƙarasa zangon nan da jini a kafaɗa, irin wannan mutum ba a cire masa rai. Ranar 8 ga Satumba Roglic ya shiga Madrid da jar rigar jagora, nasararsa ta huɗu a gasar, daidai da tarihin da Roberto Heras ya kafa.